Fashin baƙi: ina ake ajiye lambobin bes in ana rubuta kiɗa da kwamfuta?

Duk wanda ya taɓa buɗe takardar kiɗan Handel ko ta Bach, mawallafan kiɗa na Turai na ƙarni na 18, irin wadda mawaƙan coci da ɗaliban kiɗa suke ji da ita a nan Accra, in ya kai idonsa can layin ƙarshe na ƙasa, wato layin bes, zai ga wasu 'yan ƙananan lambobi a jere, wani wuri 6 ita kaɗai, wani wuri 6 da 4 ɗaya kan ɗaya, wani wuri 7, wani wuri ma ba lamba sai alamar shaf, wadda take ɗaga not rabin taki, tana zaune ita ɗaya. Mutane da yawa suna zaton lambar yatsa ce, wato wane yatsa zaka danna, alhali ba ita bace ko kusa. Waɗannan lambobin sune suke faɗa wa mai ogan ko mai kibod wane kod, wato not da yawa da ake kaɗawa tare, zai kama da hannun dama yayin da hannun hagu yake bin bes ɗin, shi marubucin bai rubuta masa kod ɗin not bayan not ba, lamba kawai ya ajiye masa yace ka ƙarasa da kanka.

Nasan wani zai ce to mu 'yan Zongo meye namu a ciki. Namu a ciki shine aiki. Yaranmu na Nima da Maamobi da yawa suna zaune gaban kwamfuta a shagunan firintin na New Town, kuma aikin da yake shigowa baya tambayar addininka ko unguwarku, yau katin biki gobe takardar jana'iza jibi kuma kwayamasta ne ya shigo da tsohuwar fotokwafi wadda ta sha hannu yace a sake buga masa ita fes, ko ɗalibin jami'ar Legon ko ta Winneba da aikin makaranta a hannu. Banda haka akwai 'yan uwanmu masu jin Hausa a ban ɗin soja da na 'yan sanda, da 'yan arewa masu kaɗa ogan a coci. Ni abin da yake damuna shine yadda ake ɗaukar lambobin nan kamar ado, an gama buga not tsaf tsaf sai a zo a watsa lambobi ko ta ina a ja su da maus har su "yi kyau", kuma daidai nan ake ɓata aikin gaba ɗaya.

Tsarin lambobin bes ya fito daga Italiya ne wajen shekarar 1600. Lodovico Viadana da Giulio Caccini duk sun buga waƙoƙi a 1602 waɗanda mai rakiya yake bin layin bes yana cike sauran da kansa, daga nan abin ya bazu Jamus da Faransa da Ingila ya zama ruwan dare har wajen 1750, shekarar da Bach ya rasu. Bayan nan mawallafa suka koma rubuta kowane not da kansu, amma makarantun kiɗa basu saki lambobin ba har yau, da su ake koyar da yadda kod yake bin kod.

Karatunsu ba wuya, bari in yi da solfa tunda shi muka fi sani a Ghana. Lambar tana ƙirga taki ne daga not ɗin bes zuwa sama, shi not ɗin bes shine ɗaya. In bes yana kan do kuma ba'a rubuta komai ba, ana nufin 5 da 3, wato mi da so, kaga do mi so kenan. In bes yana kan mi aka sa 6, ƙirga mana, mi fa so la ti do, na shida shine do, kuma ita 3 an san tana nan ba sai an rubuta ba, ya zama mi so do. In bes yana kan so aka sa 6 a sama 4 a ƙasa, so do mi. In 7 ce a kan so, so ti re fa. Akwai 6 da 5, akwai 4 da 3, akwai 4 da 2, duk juyin kod ɗin 7 ne. Alamar shaf, ko filat mai sauke not rabin taki, ko nacural mai soke su, in ta zauna ba lamba a gefenta to da 3 take magana, kuma 6 wadda aka soke ta da ɗan layi ana nufin a ɗaga ta rabin taki. Shikenan fa, iyakar harufan kenan.

To yanzu ga inda maganar take. Lambar ita kaɗai rabin saƙo ce, ɗaya rabin yana wurin da ta zauna. Hagu da dama yana faɗin lokaci, wato a wane bugu ne hannu zai canza kod. Sama da ƙasa kuma yana faɗin murya, wato wace lamba ce ta baya ta koma wannan ta gaba. Kamar katin mai susu ne, 20 ɗin da ya rubuta 20 ce ko a ina, amma in ya sa ta a gidan jiya maimakon na yau to rigima ta tashi duk da lambar daidai take. Mai ogan yana karanta takardar nan ne hannayensa biyu suna aiki, wani lokaci har da ƙafa, idonsa ɗaya yana kan kwayamasta, bashi da ko daƙiƙa ɗaya ta tsayawa yayi tunanin wai wannan 6 ɗin ta wane not ce.

Mu fara da hagu da dama. In kowane not yana da lambarsa ɗaya ba matsala, lamba ta zauna daidai saitin kan not ɗin, kowace manhaja tana yin wannan. Inda ake fara zufa shine in not ɗaya dogo yana ɗauke da kod biyu ko uku, kuma wannan a kiɗan zamanin ba abin mamaki bane, kusan duk ƙarshen jimla zaka same shi, bes ya zauna a kan so na bugu biyu, bugun farko 6 da 4, bugu na biyu 5 da 3, sannan a sauka do. Ita 5 da 3 ɗin nan ba not a samanta a layin bes, a fili take tsaye, to da me zata yi saiti? Da muryoyin sama. Dole ta zauna daidai ƙarƙashin not ɗin da sofrano ko goge suke yi a bugu na biyu, in ka miƙa rula daga saman shafi zuwa ƙasa su haɗu a layi ɗaya. Wanda ya buga "64" sannan ya danna sifes, maɓallin tazara, sau uku ya buga "53" a akwatin rubutu ɗaya zai ga kamar yayi daidai a sikirin, amma ran da aka ƙara gaɓa ɗaya, wato ɗan yankin da ke tsakanin sanduna biyu na tsaye, a layin ko aka canza girman takarda daga A4 zuwa ƙarami, not ɗin zasu matsa su bar lambar a inda take, saboda kwamfutar bata san lambar tana da lokaci ba, a wurinta rubutu ne kawai aka manna.

Maganin shine ka faɗa wa manhajar tsawon lokacin kowace lamba. A MuseScore, wadda ita mafi yawanmu muke amfani da ita tunda kyauta ce, ka zaɓi not ka danna Ctrl da G sai wurin rubutu ya buɗe, Enter yana sauko da kai layi na ƙasa, sifes yana kai ka not na gaba. Amma in kana so ka tsaya a tsakiyar dogon not sai ka riƙe Ctrl ka danna lambar tsawon not, Ctrl da 5 yana matsawa bugu ɗaya irin na kwata, Ctrl da 4 rabinsa, Ctrl da 6 ninkinsa. Da ka yi haka lambar ta samu gidanta a cikin lokaci, duk yadda shafi ya miƙe ko ya takure tana tafiya tare da bugun. A LilyPond kuma, wadda wasu 'yan Holan biyu Han-Wen Nienhuys da Jan Nieuwenhuizen suka fara a 1996, ba maus ma a lissafin, komai rubutawa ake, sai ka sa <6 4>4 <5 3>4 a layin lambobi alhali bes yana riƙe da not mai bugu biyu, ita 4 ta bayan baka ɗin ita ce tsawon lokacin. Dorico ta kamfanin Steinberg, wadda ta fito a 2016 kuma ta samu wannan ɓangaren a 2020, Shift da G ne, ka kai alamar shigarwa daidai bugun da kake so ka rubuta. Hanya uku amma tunani ɗaya ne.

Sai ƙaramin abu wanda ido baya kamawa da wuri amma yana sa shafi ya zama kamar an yi shi da gaggawa. In lamba tana da shaf ko filat a gabanta, misali filat da 7 a sama sannan 5 a ƙasa, lambar ce take saiti da not, ita alamar sai ta rataya a hagu. In aka ɗauki filat da 7 a matsayin kalma ɗaya aka tsakaita su, 7 zata gusa dama 5 ta tsaya a tsakiya, ginshiƙin ya karkace. Manhajojin da suke da ɓangaren lambobin bes na musamman sun san wannan, suna jera lamba kan lamba. Waɗanda suke ara kayan rubuta baitin waƙa su yi lambobi da shi su ne sai sun dogara da fonti na musamman wanda aka ƙera don ya gyara wannan, haka masu Finale suka daɗe suna yi da Finale Numerics, Sibelius ma tana da nata fontin na Opus. Game da ko alamar gaba zata zo ko bayan lamba, tsofaffin bugu sun yi duka biyun, a LilyPond akwai figuredBassAlterationDirection da zaka juya ta dama in kana so. Ni dai shawarata ka bi takardar da aka kawo maka, in a baya take ka bar ta a baya daga shafin farko har na ƙarshe, kar ka gauraya.

Yanzu sama da ƙasa, nan ne zan ɗan daɗe don nan ne aka fi yin ɓarna ba'a sani ba. Ka'idar farko kowa ya sani, babbar lamba a sama ƙarama a ƙasa, 6 kan 4, 6 kan 5, 7 kan shaf. Amma akwai ta biyu wadda ta fi ta nauyi, kowane jeri kamar hanyar murya ɗaya ce. Ɗauki wannan, bes yana kan so, kod na farko 5 da 4, wato re da do, sannan do ɗin nan ya zame ƙasa ya koma ti, re yana nan bai motsa ba. Marubuci zai sa 5 a sama 4 a ƙasa, a bugu na gaba kuma 3 kaɗai, kuma wannan 3 ɗin wurinta jeri na biyu ne, gefen 4, don ido ya karanta 4 ta koma 3. To ita kwamfuta in ka bata lamba ɗaya tal, a jerin farko zata ajiye ta, gefen 5, sai takardar ta koma tana cewa 5 ce ta faɗo 3, ita 4 kuma an barta a rataye ba'a san inda ta nufa ba. Ƙwararre zai gane ya wuce, amma ɗalibi da yake koyo zai kaɗa abin da ya gani. Haka yake a 7 da 4 in 4 ta koma 3, haka yake a 9 da 4 in suka koma 8 da 3 tare, kowacce a jerinta, ko kuma ɗaya ta riga ɗaya sauka, nan ma dole wadda ta sauka ta tsaya a layinta ɗayar kuma a bar mata gurbi ko a ja mata layi.

Akwai wani dattijo ɗan arewa mai kaɗa ogan da yake kawo aiki shagonmu, wata rana yana duba aikin wani ɗalibi da aka bari a kan tebur sai ya sa yatsa a kan irin wannan 3 ɗin yace min, yarona zo ka gani, wannan ukun 'yar wa ce? Nace Baba ta huɗu ce. Yace to me take yi a ɗakin biyar? Ya ƙara da cewa shi in yana kaɗawa baya karanta lambobi ɗaya ɗaya, siffarsu yake gani, 4 da 3 a jere a layi ɗaya hannunsa ya riga ya san abin yi tun kafin kansa ya lissafa. Wannan maganar tasa ita ce ta fi duk wani bayani da zan yi, mai kaɗawa siffa yake karantawa, in ka canza wurin zama ka canza siffar.

Gyaransa a LilyPond yana da daɗi ƙwarai. Ko ka rubuta <5 4> sannan <_ 3>, ɗan layin ƙasan nan yana riƙe gurbin sama fanko, ko kuma ka kunna layukan ci gaba da \bassFigureExtendersOn ka rubuta <5 4> sannan <5 3>, ita da kanta zata ga 5 ta maimaitu sai ta mayar da ta biyun layi miƙaƙƙe ta ajiye 3 gefen 4. In kuma akwai inda kake so lambar ta sake fitowa a rubuce duk da ta maimaitu, sai ka sa mata \! a baya. A MuseScore layin ci gaba da ɗan layin ƙasa ake yinsa a ƙarshen lambar, ɗaya yana ja har iyakar lokacin wannan rukunin, biyu kuma yana haɗe shi da layin rukuni na gaba, saboda haka 5 da layi biyu, 4 a ƙasa, a rukuni na gaba layi a sama 3 a ƙasa. Dorico ita ta san wannan motsin a matsayin abu ɗaya, ka rubuta 4->3 sai ta ajiye su a jeri ɗaya, kai kuma ka matsar da 3 ɗin zuwa bugun da ya dace.

Tunda mun taɓo layin ci gaba, shi ma yana da nasa aikin na biyu, wato in bes yana tafiya not bayan not amma hannun dama zai riƙe kod ɗaya kar ya canza. Inda layin ya ƙare nan riƙon ya ƙare, saboda haka tsawonsa ba kwalliya bane. A LilyPond abin da ya fi aminci shine lambobin su bi irin tafiyar bes ɗin, in bes yana gudu da not huɗu ka maimaita lambar sau huɗu da irin tsawonsu, sai layin ya kai har not na ƙarshe, in ka bata dogon lokaci ɗaya kawai layin yana iya tsayawa a hanya.

Sai tambayar da aka fi yi, a saman layin bes ake sa su ko a ƙasa? Duka biyun suna da asali. Tsofaffin rubuce rubucen hannu da bugun ƙarni na 18 da yawa a sama suke sawa, littattafan koyarwa da yawancin bugun zamani kuma a ƙasa. Ni a ƙasa na fi so in ba wani dalili, saboda layin bes shine na ƙarshe a tsarin, wato layukan muryoyin da ake karantawa tare, ƙasansa fili ne, samansa kuwa akwai baitin masu bes ko not ɗin hannun dama in edita ya rubuta kod ɗin a fili. Amma in ƙasan ya cika da alamomin ƙarfi da sanyi da rubutu irin tasto solo, wanda yake nufin a kaɗa bes kaɗai ba kod, ko kuma takardar ta mai celo ce da mai ogan su biyu suna kallo, to sama tana iya fin tsabta. Abin da ba'a yi shine wannan gaɓa sama waccan ƙasa don kawai wuri ya ƙure.

Kuma zaɓin nan yana jawo wani. In lambobi suna ƙasa, jerin sama ne yake zama a layi ɗaya sauran su rataya a ƙarƙashinsa, lamba ɗaya tal tana zama kusa da not. In suna sama kuwa sai a juya, jerin ƙasa ne yake zama a layi ɗaya ginshiƙin ya tashi sama, in ba haka ba lamba ɗaya tal zata tsaya can nesa da not tana lilo saboda wani rukuni mai hawa uku da yake gefe. MuseScore tana da wannan zaɓin a saitin salo na lambobin bes, jeri ta sama ko ta ƙasa, tare da nisan jeri da jeri da kuma siffar lamba ta zamani ko ta da. A LilyPond sunan abin stacking-dir, amma a kula, in ka juya shi sama lambar da ka fara rubutawa ita ce zata koma ƙasa, dole ka juya yadda kake shigar da su.

Nisa daga layukan biyar ma lissafi ne ba ƙiyasi ba. A MuseScore ana auna shi ne daga layin sama da ma'aunin tazarar da ke tsakanin layi da layi, su layukan biyar tazara 4 ne, saboda haka duk abin da bai wuce 4 ba zai faɗa cikin not, in kuma ka sa lamba mai ragi sai su haye sama. To lissafa da ni. Not ɗin da yake layin tsakiya sandarsa ƙasa take kallo, tsawonta tazara uku da rabi, kaga ta leƙo ƙasan layin ƙarshe da ɗaya da rabi, wato ta kai 5 da rabi. C na can ƙasa, wanda shine iyakar celo, yana kan ƙaramin layin ƙari na biyu, 4 da 2 shida kenan, ga rabin kan not ɗin, 6 da rabi. Ma'ana in waƙar tana sauka har can kuma ka ajiye jerinka a 6, ko dai su yi karo ko manhajar ta ture wannan lambar ƙasa ita kaɗai ta bar 'yan uwanta, sai jeri ya zama hawa da gangara. Abin yi shine ka duba not mafi ƙasa a waƙar tun farko ka saita nisan sau ɗaya a saitin gaba ɗaya, ba ka bi lamba ɗari biyu kana ja ɗaya ɗaya ba.

Anan akwai saɓani na gaske tsakanin masu aikin, kuma kowa da hujjarsa. Wasu sunce lambobi su zauna a miƙe a layi ɗaya daga farkon tsari har ƙarshensa, ido ya san inda zai same su. Wasu sunce a'a su bi not, in bes ya hau su hau, don kar not yana can saman layuka lambarsa tana can ƙasa da nisa, kuma haka masu rubutun hannu na da suke yi. LilyPond ta baka duka biyun, in ka sa su a nasu mazaunin mai suna FiguredBass sai su samu layinsu daban kamar baitin waƙa, sama ko ƙasa ya danganta da inda ka jera shi, kafin layin bes ko bayansa. In kuma ka zuba su cikin Staff ɗin bes ɗin kansa, wato layukansa biyar, sai su riƙa kauce wa not da kansu, kuma a nan ne \bassFigureStaffAlignmentDown da ɗan uwansa na Up suke aiki, da yawa suna rubuta umarnin nan alhali lambobinsu suna ɗaya mazaunin sai su ga ba abin da ya motsa. Ni ina tare da masu layi miƙaƙƙe, musamman in lambobi suna ƙasa kuma akwai layukan ci gaba da yawa, domin jeri biyu ko uku basa karantuwa in suna hawa da sauka. In wuri ɗaya ne kacal not ya nutse sosai, gara a sauke jerin wannan tsarin gaba ɗaya a bar sauran tsarukan yadda suke.

Wani abu da ya shafe mu sosai a nan shine sauke waƙa. Kwayamasta zai dawo yace sofrano ɗina basa kaiwa, a sauke min ita taki ɗaya. Not zasu sauka da dannawa ɗaya, lambobi ma yawanci basa canzawa tunda 6 tana nan 6, amma alamomin fa? A D maino in bes yana kan A zaka ga shaf ita kaɗai, wato C shaf. Ka sauke zuwa C maino, bes ya koma G, not ɗin da ake nufi yanzu B ne wanda za'a cire wa filat, a tsarin zamani nacural ce zata zauna a wurin ba shaf ba. Manhajar da ta ɗauki lambar a matsayin rubutu ba zata taɓa wannan ba sai ka bi da hannu. Dorico ita tana lissafa ainihin not ɗin da lambar take nufi shi yasa take gyara alamar da kanta, amma wannan wayon yana zuwa da nasa sharaɗi, tana iya taƙaita abin da ka rubuta ta bi ka'idar da aka saita mata, misali ta ɓoye 3 da take ganin ba sai an faɗa ba, in kana kwafe tsohuwar takarda ne harafi da harafi sai ka zaɓi saitin da yake bin abin da ka shigar daidai.

Masu tsofaffin fayil na Finale kuma su sani, tun Agusta 2024 kamfanin MakeMusic ya sanar ya daina ci gaba da ita. Hanyar kwashe aiki zuwa wata manhaja ita ce MusicXML, kuma shi yana da gurbi na musamman na lambobin bes, lamba da alamar gabanta da ta bayanta da layin ci gaba. Sai dai in tun asali da kayan baiti aka buga lambobin to a matsayin baiti zasu isa can, kuma in fontin baya kwamfutar sai kaga wasu haruffa marasa ma'ana a ƙarƙashin bes. Ka ajiye PDF na tsohon aikin kafin ka taɓa komai, shi zaka riƙa dubawa kana sake shigarwa.

Lambar da ba marubucin waƙar ne ya sa ba, edita ne ko kai ka ƙara don taimakon mai kaɗawa, ana sa ta cikin baka mai kusurwa, kuma bakan shi ma ratayawa yake a gefe kamar shaf, kar ya ture lambar daga saitin not. Girman lamba kuma kar ka yanke hukunci a sikirin inda ka zuƙo shafi ya cika ido. Takardar nan fotokwafi za'a yi mata, a sake yi wa kwafin kwafi, a ɗora ta a kan ogan nesa da ido kamar tsawon hannu a wurin da haske ba lallai ya wadata ba, kuma a irin wannan yanayin 6 da aka soke da 6 lafiyayya, ko 3 da 8, ko 5 da 6, kusan abu ɗaya suke komawa in sun yi ƙanana ko jeri ya matse jeri. Buga shafi ɗaya na gwaji, yi masa kwafi, jingina shi a bango ka ja baya ka karanta, in sai ka sunkuya kafin ka bambance su to ƙara girman fontin kaɗan ka buɗa tazarar jeri, sannan ka koma ka sake duba nisan da ka saita daga layukan biyar tunda ginshiƙin ya ƙara tsawo yanzu kuma yana iya taɓa tsarin da yake ƙarƙashinsa.